Ƙarin Gashin Ido Ana Saura Kwana Uku Biki: Nazarin Abin da Ya Sami Wata Amarya a Jidda

Wannan nazari ya shafi wata budurwa Bahaushiya 'yar shekara 24, haifaffiyar Jidda, wadda aka yi wa ƙarin gashin ido ana saura kwana uku a yi walimar aurenta, lamarin da ya kai ta gaban likitan ido da safiyar ranar bikin, fatar idanunta biyu a kumbure har ba ta iya buɗe su sosai. Na tattara bayanan ne daga bakinta da na yayarta, wadda ta raka ta ko'ina a wannan mako, sannan na ji ta bakin matar da ta yi aikin. Dukansu sun amince a rubuta, bisa sharaɗin a sakaya sunayensu da na unguwarsu. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne jikin yarinyar ya riga ya yi gargaɗi watanni kafin bikin, amma babu wanda ya tambaye ta, ita kuma tana da dalilinta na yin shiru.

Yadda aka zaɓi mai aikin

Kakannin amaryar sun zo aikin hajji ne ta hanyar Sudan, suka zauna, kuma shekara da shekaru danginsu na da wata dattijuwa da ke yi wa amarensu gyaran jiki: halawa, dilka, turaren jiki da lalle. Ta san kowace yarinya tun tana goye, ta san wadda fatarta ba ta son zafi da wadda turare ke sa wa ƙuraje. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba da shi a 2022, wanda ya shafi tsofaffin unguwanni irin su Gulail, Sabil, Kandara da Karantina, ya tarwatsa gidajen dangin, dattijuwar kuma ta koma Makka wurin ɗanta. Da biki ya matso, sai wata ƙawar amarya ta nuna mata hotunan aikin wata matashiya a Snapchat, Bahaushiya ita ma, wadda ke karɓar mata a ɗaki guda na gidan da take haya.

Matar ba ta da lasisin baladiyya, wato hukumar birni, kuma kowa ya san haka. An fifita ta a kan mashgal, wato shagon kwalliyar mata, mai rajista ne saboda kuɗinta bai kai nasu ba, tana yin komai ita kaɗai tun daga halawa har farce, kuma a wurinta amarya za ta sake, ta yi Hausarta, ba tare da baƙuwar ido ba. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma duk wanda ya san yadda biki ke cinye aljihun talaka a Jidda ba zai raina su ba.

Abin da ya gabata

Ba wannan ne karon farko da aka yi wa yarinyar ƙarin gashin ido ba. Ta fara ne a wata ƙaramar salla, ba ta ji komai ba. Karo na biyu a bikin wata ƙawarta ne, wajen wata biyar kafin nata bikin, kuma a nan ta yi kwana biyu tana jin ƙaiƙayi a gefen fatar idon, wurin ya ɗan yi ja, daga baya ya lafa da kansa. Ban da wannan, ta ɗauki watanni tana sa farcen roba da jan farcen nan da ake busarwa a ƙarƙashin fitila, har fatar gefen yatsunta ta taɓa yin saɓa.

Ba ta gaya wa kowa ba, saboda mahaifiyarta tun farko ba ta yarda da abin ba. Hujjar uwar ita ce hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na la'antar mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa, da kuma fatawar Kwamitin Dindindin na Fatawa na Saudiyya, wanda ya hana gashin ido na aro da farcen roba. Akwai malaman da suka sassauta idan gashin ba na mutum ba ne kuma bai hana ruwa isa fata ba, kuma da maganarsu yarinyar ta riƙe. Warware wannan saɓani aikin malamai ne. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne yarinyar da ta san za a ce mata "ai na gaya miki" ba za ta kai ƙarar ƙaiƙayi wurin uwarta ba, don haka labarin da ya fi kowane muhimmanci ya tsaya a cikinta.

Makon biki

An sa walima daren Alhamis. Ranar Lahadi aka yi mata halawa da dilka da turare. Ranar Litinin da yamma aka yi mata tashƙir, wato dusashe launin gashin gefen gira da sinadari maimakon tsigewa, aka rina tsakiyar girar, aka sa farce, sannan aka zo kan gashin ido. Ranar Talata aka zana mata baƙin lalle a hannu da ƙafa. Cikin kwana uku ke nan fatarta ta haɗu da aƙalla sinadarai huɗu da kowannensu shi kaɗai kan iya tayar da borin jiki, wato jiki ya ƙi wani sinadari ya nuna hakan da ƙaiƙayi da kumburi.

Yana da kyau a fahimci yadda aikin yake idan an yi shi bisa ƙa'ida. Fatar ido ta sama na ɗauke da gashi tsakanin 90 zuwa 160, ta ƙasa kuma ba ta kai haka ba. Mai aikin kan rufe gashin ƙasa da filasta mai laushi, ta ware sili ɗaya na gashin sama da hantsaki, ta tsoma gindin silin roba a cikin ɗigon gam, ta manna shi a jikin silin na asali, tana barin tazarar rabin milimita zuwa milimita ɗaya daga fata. Sili ɗaya kan sili ɗaya, ido a rufe tun daga farko har ƙarshe, kuma cikakken aiki kan ci kusan awa biyu. Gam ɗin kuwa jigonsa sinadarin sayanoakirilet ne, dangin wanda ke cikin sufa gulu, an ƙara masa baƙin launi. Danshin iska ne ke sa shi daskarewa, kuma kafin ya gama daskarewa yana fitar da tururi mai yaji da ido da hanci ke ji.

Abin da aka yi wa amaryar ya saɓa wa wannan ta fuskoki da dama. Akwai wasu mata uku da ke jiran layi, don haka aka gama da ita cikin ƙasa da awa ɗaya. Maimakon sili-sili, an yi amfani da gashin nan mai zuwa a dunƙule, wanda aka yi shi domin kwalliyar yini ɗaya da gam mai sauƙin cirewa, aka manna shi da gam mai ƙarfi, kowane dunƙule ya haɗe silin asali uku ko huɗu wuri guda, a wurare da yawa kuma gam ɗin ya taɓa fata. Ɗakin a rufe yake ruf, na'urar sanyi na juya iska ɗaya, ga warin kayan farce. Amaryar ta ce wayarta ta yi ta ƙara, masu abinci da masu ɗinki na nema, ta riƙa ɗan buɗe ido tana dubawa, kuma duk buɗewa sai ta ji yaji har hawaye ya zubo. Da ta yi magana, mai aikin ta ce: "Amarya, ki daure, haka yake yi wa kowa, yanzu zai wuce." Ba a tambaye ta ko ta taɓa yi ba, balle a tambayi yadda ta kwashe da shi. Da za ta tafi aka ce kada ruwa ya taɓa idon har kwana biyu, saboda haka ko a alwala tana kewaye wurin ne da yatsa, duk abin da ya maƙale a fatar ya ci gaba da zama.

Daren Litinin yajin ya lafa. Da la'asar ɗin Talata, ana cikin zanen lalle, ƙaiƙayi ya taso, ba ta da hannun sosawa. Safiyar Laraba ta tashi fatar idanun biyu ta kumbura, ta yi ja, gefenta na tsatstsafar ruwa, ga kwantsa ta manne gashin.

Yinin da aka yi asara

Ranar Laraba ce ta mai da ƙaramin ciwo babba. Gida cike yake da baƙi, kowa da maganinsa. Aka ɗora mata ganyen shayi mai sanyi, aka wanke da ruwan wardi, wata ta ce kambun baka ne a yi tofi. Wata gwaggonta ta kawo kwalli ta zizara mata, tana cewa: "'Yar nan, garin neman gira za ki rasa ido, da kwallin nan muka yi namu auren, ba abin da ya same mu." Sanyin ganyen shayin ya ɗan rage raɗaɗi, wannan gaskiya ne. Kwalli kuwa gari ne, kuma zuba gari a idon da ke ciwo ƙarin gurzawa ne, ban da cewa yawancin kwallin gargajiya ana yin sa ne da dutsen da ke ɗauke da dalma.

Yayar ta kira mai aikin, ita kuma ta ce a shafa man zaitun gashin zai saki. Man zaitun kan sassauta wannan gam a hankali cikin kwanaki, ba ya narkar da shi nan take; akwai man cirewa na musamman, shi ma idan ya shiga ido yana ƙuna. Da dare aka yi gumra, wato taron mata da ake yi wa amarya a Hijaz kafin walima, amarya na lulluɓe kamar yadda aka saba, babu wanda ya ga fuskarta, aka tashi ana sam barka. Da ta koma ɗaki ƙaiƙayi ya hana ta sakat, sai ta zauna gaban madubi ta riƙa fizge dunƙulen da farcen robar da ke hannunta. Kowane dunƙule ya fito da silin asalin da ke manne da shi, wani busasshen ɓarɓashin gam kuma ya faɗa idon hagu. Daga nan ciwon ya sauya kama: zogi mai tsanani, jin kamar yashi a ido, hawaye ba tsayawa, da kasa kallon fitila.

A nan yayar ta yi abin da ya dace. Wata maƙwabciya ta miƙo ragowar maganin ɗigawa mai kotizon da aka taɓa rubuta wa mijinta, yayar ta ƙi karɓa. Irin wannan magani kan kwantar da ja da kumburi da sauri, shi ya sa mutane ke son sa, amma idan akwai rauni ko ƙwayar cuta a tantanin da ya rufe baƙin ido yana iya ta'azzara shi, yawan amfani da shi kuma na iya hawar da matsin ruwan ido ko ya kawo yana. Ta kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, aka shawarce ta da ta kai ta wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Abin da likita ya gani

Likitan ya ɗiga mata wani rini mai ruwan lemo da ke haskawa kore a ƙarƙashin shuɗin haske, ya duba da na'urar hangen ido. Ya sami abu biyu mabambanta. Na farko kumburin gefen fatar ido ne na borin jiki, a idanu biyu daidai wa daida. Na biyu ƙarzuwa ce a tantanin baƙin idon hagu, wadda ɓarɓashin gam da murza ido suka jawo. Ya cire ɓarɓashin da ragowar dunƙulen, ya rubuta mata man kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan ɗigawa mai jiƙa ido, da ƙwayar rage ƙaiƙayi, ya jinkirta maganin kotizon na fatar ido har sai ya sake ganinta ya tabbatar ƙarzuwar ta rufe. Ya hana kwalliyar ido kowace iri, ya hana ruwan tabarau na mannawa mai launi da ta riga ta saya domin walima.

Tambayar da ya fi nanatawa ita ce wane gam aka yi amfani da shi, kuma babu mai amsa. Da aka tuntuɓi mai aikin, sai ta turo hoton wata 'yar baƙar kwalba da ta saya ta intanet, babu jerin sinadarai a jikinta, babu ranar ƙarewa, ta kuma ce ta kai wata uku da buɗe ta, alhali masu yin irin wannan gam kan ce a sauya kwalba bayan mako huɗu zuwa shida da buɗewa.

Gano musabbabin bai zo da sauƙi ba, saboda an cusa komai cikin kwana uku. Baƙin lalle da baƙin rini kan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tayar da borin fata, kuma kumburin fatar ido na cikin alamominsa. Kayan farce na ɗauke da dangin akirilet, sinadaran da ke da dangantaka da na gam ɗin, kuma mace kan kai su ido da yatsunta ba ta sani ba. Abin da ya karkata zargi zuwa ga gam shi ne wurin da ciwon ya zauna: ya bi layin gashin ido na sama sak, fatar gira lafiya lau, zanen lallen hannu bai tashi ba. Sai kuma lokaci. Yajin tururi kan zo nan take ya wuce cikin awanni, kamar yadda ya faru daren Litinin. Borin jiki irin na taɓawa kuwa kan jinkirta awa 24 zuwa 72, kuma ba ya zuwa a haɗuwar farko, domin sai garkuwar jiki ta fara sanin sinadarin ta riƙe shi, sannan ta yi masa bore a haɗuwa ta gaba, sau da yawa ya fi na baya. Da yarinyar ta ba da labarin ƙaiƙayin wata biyar da suka wuce, wanda a ranar yayarta ta fara jinsa, likitan ya ce wannan ne gargaɗin, kuma da an faɗa wa mai aikin da ta san hannunta, da ba ta taɓa idon ba.

Lamarin ba baƙo ba ne a wurin likitocin ido. Wani bincike da aka buga a 2012 daga Japan ya duba mata 107 da suka je asibiti bayan ƙarin gashin ido, ya sami mafi yawansu da kumburin tantanin ido ko na gefen fatar ido, an kuma gano fomaldihaid, wani sinadari mai tayar da borin fata, a gam ɗin da aka gwada. Fatar ido ce mafi siranta a jikin mutum, ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, shi ya sa abin da tafin hannu zai shanye ba tare da alama ba yake kumbura ta.

Rabon alhaki

Mai aikin ba muguwa ba ce, kuma a ganina kuskure ne a ɗora mata komai. Ta koyi sana'ar ne daga bidiyo da kuma kallon wata da ta taɓa yi wa aiki, da ita take ciyar da 'ya'yanta, kuma ta ce ta yi wa mata da yawa da wannan kwalba babu wadda ta dawo da kuka. Na yarda da ita, domin borin jiki ba kowa yake kamawa ba, kuma waɗanda suka ji ƙaiƙayi kaɗan ba sa dawowa su faɗa, kamar yadda amaryar kanta ba ta koma ta faɗa wa ta baya ba. Amma abubuwa uku suna wuyanta, ba su kuma buƙatar jari: tambayar abin da ya taɓa faruwa, nisantar da gam daga fata, da cewa a tafi asibiti tun kiran farko maimakon a shafa mai. Gwajin manna 'yan silla kaɗan kwana biyu kafin cikakken aiki ba ya kama kowane bori, amma da an yi shi mako biyu kafin biki, akwai kyakkyawan zaton da ya tona wannan.

Tsarin makon biki shi ma yana da nasa kason. Ana matse gyaran amarya a kwanakin ƙarshe ne domin komai ya kai ranar walima da sabuntarsa, lalle bai kwaɗe ba, gashi bai zube ba. Wannan hikima ta dace da dilka da jan lalle, waɗanda dangi suka daɗe da sanin halinsu. Ba ta dace da sinadarin da cutarsa ke bayyana bayan kwana biyu ko uku ba, domin lokacin bayyanar na faɗawa daidai ranar da ba a da sararin jinya, ranar da kowa a gida ke neman abin da zai ɓoye ciwon kafin dare maimakon abin da zai warkar da shi.

Akwai hanyoyin kai ƙara. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke kula da kayan kwalliya, tana karɓar rahoto ta 19999, baladiyya kuma na karɓar ƙorafi kan wuraren sana'a ta 940. Mijin amaryar ya so a kira, surukarsa ta hana. Ta ce matar 'yar gida ce, an san iyayenta, kuma ƙara kan aiki ba lasisi na iya jawo mata abin da ya fi tara idan aka bi ta kan takardun zamanta, ita kuwa ba za ta zama sanadin raba uwa da 'ya'yanta a kan gashin ido ba. Aka sasanta a cikin gida: matar ta zo har gida ta ba da haƙuri, ta mayar da kuɗin aikin, ta biya rabin kuɗin asibiti, ta jefar da kwalbar. Ina ganin uzurin uwar, ko da yake sasancin ya bar wani giɓi, domin babu wanda ya kai rahoton gam ɗin kansa, kuma mai sayar da shi na nan yana sayarwa.

Halin da ake ciki

An yi walima a daren Alhamis kamar yadda aka tsara. Amarya ta shiga da mayafi mai shara-shara a fuska, babu komai a idonta, aka roƙi mai ɗaukar hoto ta rage haske, aka kuma taƙaita zamanta a kan kujera. Ƙarzuwar ta rufe cikin kwana uku, kumburin ya sauka cikin mako guda, fatar ta yi saɓa ta koma daidai, ganinta bai ragu ba. Gashin da ta fizge ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya cike, sai wani ɗan gurbi a gefen idon hagu da ya fi sauran jinkiri.

Abin da bai wuce ba shi ne borin, domin jikin da ya riƙe sinadari irin wannan yawanci ba ya mantawa. Likitan ya tura ta wurin likitan fata domin gwajin da ake manna sinadarai a baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, don a tantance ko sayanoakirilet ne kaɗai ko har da akirilet ɗin kayan farce. Amsar na da amfani fiye da kwalliya, saboda ana amfani da dangin waɗannan sinadarai wajen cike haƙori, da gam ɗin da likitoci ke rufe rauni da shi, da wasu na'urorin da masu ciwon sukari ke mannawa a fata. Ta daina sa farcen roba, tana kuma sanar da likitan haƙori kafin ya taɓa ta. Gwajin kuwa har lokacin da na yi magana da ita ba ta yi ba, saboda inshorar mijinta ba ta ɗauke shi ba, suna jiran su ɗan farfaɗo daga bashin biki.